Motar da ta ƙoshi da mai

A Badagishiri akwai wani direba mai tsohuwar mota Peugeot 504, irin wadda ake ce wa bashe. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, bashe kuma ta fito a 1979. A da ana haɗa irinta a Kaduna, shi ya sa kayanta ba su da wuyar samu a ƙasar Adar. Da motar nan direban yake ci da iyalinsa. Yakan ɗauki awaki da buhunan albasa, ya bi hanyar da ta taso daga Tawa har Tsarnawa. Daga nan ko ya yi yamma zuwa Birnin Ƙwanni, ko ya yi gabas zuwa Malbaza da Galmi. Ranar da babu lakwal, ɗan ƙanwarsa ne karen mota.

Motar ba yadda ta fito take ba. Da famfon mai na asali ya mutu, sai aka sa mata wani mai aiki da batir, wanda aka ciro daga mota mai injeksiyon. Irin wannan famfo yana da ƙarfi ƙwarai. Yana tura esansi da matsi wajen bar 3, fiye da iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Ita ko 504 karbiratar gare ta, abin da take so bai wuce bar 0,3 ba. Saboda haka aka ƙara mata regilatar. Aikinsa ya ba karbiratar ɗan abin da take bukata, sauran man ya koma tanki ta wani tiyo dabam. Haka motar ta yi wata da watanni lafiya lau.

Ana nan sai tanki ya fara yoyo. Aka kwance shi, aka kai gyara, motar ta yi sati biyu a zaune gindin bedi. Da aka mayar da tankin, sai wahala ta soma. Inji yana tari, baƙin hayaƙi yana fita, warin esansi ya cika gaban mota. Man da yake kai su Ƙwanni su dawo, yanzu a hanya yake ƙarewa. Direban ya sake buji, ya sake allurar karbiratar, duk a banza. Kuɗin da ya ranta ya ƙare.

Wata safiya, kusa da Tsarnawa, yaron ya ce: "Kawu, tsaya! Mai yana zuba." Suka buɗe gaban mota, suka ga esansi yana malala daga karbiratar, yana ɗiga kusa da ƙarfe mai zafi. Direban ya kashe mota, ya cire kan batir, suka watsa rairayi a inda man ya zuba. Da wuta ta kama, da mota da albasar mutane buhu goma sun tafi. A daren nan direban bai yi barci ba. Ya ce zai sayar da motar ko nawa aka taya.

Kashegari aka ja ta zuwa garajin wani tsohon makaniki. Direban ya ce: "Sannu da aiki, Baba. Karbiratar ce ta lalace, a sake mini ita." Tsohon bai taɓa kome ba tukuna. Ya ce: "Zauna, ɗana. Mene ne aka taɓa na ƙarshe kafin ciwon ya fara?" Direban ya ba shi labarin tanki. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce a tura motar fili, kuma kada kowa ya kunna taba.

Ya fara da buji. Duka huɗun sun yi baƙi, sun jiƙe. Wannan ya nuna mai ya fi iska yawa. Ya duba matatar iska, ya ga ba ta toshe ba. Sannan ya buɗe karbiratar, ya nuna wa yaron cikinta. Akwai ɗan kwano inda mai yake taruwa. A cikinsa akwai wani abu marar nauyi mai yawo a kan mai, kamar gora a kan ruwa. In kwanon ya cika, abin ya taso, ya tura allura ta rufe ƙofar mai. Tsohon ya ce: "Allurar nan sabuwa ce, gorar kuma ba ta huje ba. Amma ko ƙofa tana da kyau, in mutum goma suka tura ta, ai sai ta buɗe."

Sai ya ɗauko agogon awon matsi, ya haɗa shi a tiyon da ke shiga karbiratar. Idonsa ba ya ganin ƙananan lambobi, don haka ya ce wa yaron: "Jikana, karanta mini." Aka mayar da kan batir, aka kunna famfo. Yaron ya ce: "Baba, ya wuce 1." Tsohon ya ce: "To, ka ji. Fiye da ninki uku na abin da ake so. Yanzu masu laifi biyu suka rage: ko regilatar ya mutu, ko hanyar komawar mai ta toshe."

Ya cire tiyon komawa daga jikin regilatar, ya sa wani sabo, ya zura bakinsa cikin jarka. Aka sake kunnawa. Mai ya riƙa zuba cikin jarka, yaron ya ɗaga murya: "Ya sauko! 0,3 ne!" Ashe regilatar lafiyarsa lau. Laifin yana cikin tiyon ƙarfen da ya bi ƙarƙashin mota zuwa tanki.

Suka kwance shi ta wajen tanki, suka hura da famfon taya. Iska da ƙyar take wucewa. Tsohon ya zura waya a hankali, sai ga jar laka busasshiya tana faɗowa. Yaron ya murza ta a hannu, ya yi dariya, ya ce: "Kawu, ɗakin zanzaro ne!" Sati biyun da tanki ba ya nan, bakin tiyon yana buɗe, zanzaro ya samu gida. Esansi kuwa ba ya narkar da laka kamar ruwa. Da mai ya rasa hanyar komawa, sai ya taru, ya fi ƙarfin allura.

Aka share tiyon, aka mayar. Tsohon ya sa aka juye man inji aka zuba sabo, domin esansi ya gangara ciki ya tsinka shi. Ya ce wa direban: "In ka samu hali, ka sayi famfo marar ƙarfi, daidai da karbiratar. Kuma duk tiyon da ka kwance, ka toshe bakinsa da tsumma."

Ranar kasuwa motar ta fita da lodi, ba tari, ba hayaƙi. Direban bai ƙara maganar sayarwa ba. Yaron kuma ya rubuta lambobi biyu a bayan littafinsa: 3 da 0,3.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka ƙara wa motar regilatar?
2. Wace tambaya tsohon makaniki ya fara yi? Don me?
3. Yaya jarka ta nuna inda laifin yake?
4. Bar 3 ninki nawa ne na bar 0,3?
5. Me ya sa suka watsa rairayi, ba ruwa ba?