A Ɗanɗana Malamin Tuƙi Kafin A Biya Shi

Ba wanda zai sayi ragon layya bai tattaɓa gadon bayansa ba, ba kuwa matar da za ta auni shinkafa ba ta damƙa ta duba tsakuwa ba. Amma abin mamaki, in aka zo kan koyon tuƙin mota, wanda yake sha'ani ne na rai, sai ka ga mutum da hankalinsa ya faɗa makarantar tuƙi don kawai ya ga allo mai fenti a bakin titi, ya zube kuɗin wata guda cur, alhali kuwa ko fuskar wanda zai zauna kusa da shi a cikin motar bai taɓa gani ba.

A zamanin da ba a san wannan matsala ba, domin tuƙi sana'a ce da ake shiga ta ƙofar wahala. Yaro yakan zama karen mota, ya yi shekaru yana wanki, yana ɗaurin kaya, yana dirowa a guje ya sa waigi a bayan taya in an zo hawa, kafin maigidansa ya yarda ya ba shi sitiyari a cikin tasha. Kafin nan kowa ya gama sanin halin kowa. Yanzu kuwa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta shimfiɗa ƙa'ida cewa mai neman lasisi karo na farko sai ya kai shekara 18, ya bi ta makarantar da ta amince da ita, ya sami takardar shaida, sa'an nan jami'an duba motoci su jarraba shi. Ƙa'ida ce mai kyau ba shakka. Sai dai hukuma rajistar makaranta da motocinta take dubawa, ba ta iya shiga zuciyar malami ta auna haƙurinsa. Wannan aiki a wuyan mai koyo ya rataya.

Haka ya rataya a wuyan wata ma'aikaciyar jinya, mutuniyar Katsina mazauniyar Agege a birnin Ikko. Ta ba shekara arba'in baya ba ta taɓa tunanin riƙe sitiyari ba, sai ciwon ido ya kama maigidanta, likita ya hana shi tuƙi. Mota ta zauna a ƙofar gida tana shan ƙura, ga asibiti da za a riƙa kai shi, ga yara da makaranta, ga aikin dare. Kuɗin da ta tara bai wuce na makaranta ɗaya ba, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin darasi ya bi sahun kome ya hau. In ta yi zaɓen tumun dare, to, ba na sakewa.

A makaranta ta farko ta roƙi a ba ta darasi ɗaya na gwaji ta biya kuɗinsa. Akawu ya yi dariya, ya ce tsarinsu a biya duka. Ta yi godiya ta fita.

Ta biyu ta yarda. Aka haɗa ta da wani saurayi mai tsabta da fara'a, wanda ya cinye sulusin awar yana tuƙa ta zuwa fili, waya manne a kunne. Da ta karɓi kujera bai ce mata ta gyara zama ba, bai nuna mata madubi ba, sai ya ce ta taka kuloci ta sa giya. Mota ta yi tsalle ta mutu. Ya ja tsaki. Ta sake mutuwa, ya fizge sitiyari yana cewa ai ya faɗa mata. A ƙarshe ya ba ta shawara ta koma mota mai canza giya da kanta, wai ita ce daidai da shekarunta, ko da yake ta gaya masa tun farko motar gidansu mai giyar hannu ce. Ta koma gida gwiwa a sanyaye, ta ce wa mijinta da alama ba ta da kan tuƙi.

A nan ne galibin mutane suke kuskuren fahimtar darasin gwaji. Suna shiga motar a matsayin waɗanda za a jarraba, alhali su ne masu jarrabawa. Ba mahalukin da ya taɓa iya kuloci a awa guda, kuma mutuwar mota a hannun sabon shiga ba labari ba ne. Labarin shi ne abin da malami ya yi a cikin daƙiƙa biyar da suka biyo baya. Mai tsaki a fili, inda ba kowa sai awaki, me ake zaton zai yi a tsakiyar shataletale, direban danfo na danna oda a baya? Mijin nata, wanda ya shekara ashirin yana tuƙi, shi ya nuna mata haka. Ya ce, "Maman yara, ai ba ke kika faɗi ba. Kuɗin awa ɗaya kika biya kika tsira da na wata."

Na uku wani dattijo ne, tsohon direban babbar mota, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana jigilar goro daga Shagamu zuwa Kano. Yakan ce yana karen mota aka sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama a 1972. Ta zo da ɗanta ya zauna a baya, don ta ga ko zai ɓata rai, sai ma ya ce wa yaron ya ɗaura bel. Kafin a ta da inji ya sa ta matso da kujera har ƙafarta ta iya danne kuloci ƙasa ba tare da miƙewa ba, ya sa ta daidaita madubai uku, ya nuna mata birki na biyu da ke gefensa don hankalinta ya kwanta. Birki ya fara koya mata kafin totur. Sa'an nan ya ce ta riƙa ɗago ƙafa a hankali har ta ji ƙarar inji ta sauya, gaban mota ya ɗan motsa, ta tsaya a nan ta saurara. Motar ta mutu ya fi sau biyar. Duk sa'ad da ta mutu abu ɗaya yake faɗi: "Hajiya, sake tayarwa, mota ba ta fushi."

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka gwaji maganin kome ne. Wanda aka ce kyauta ne ya fi bukatar lura, domin fetur ba kyauta ba ne, kuma sau da yawa minti goma ake yi a mota, rabin awa a ofis ana matsa wa mutum ya sa hannu. Akwai kuma makarantun da suke fito da gwaninsu da lafiyayyar motarsu ranar gwaji, in kuɗi ya shiga aljihu sai a miƙa ɗalibi ga wani yaro da wata akwala. Ba a ma maganar masu cewa a kawo kuɗi da hoto a zo a karɓi takarda ba tare da an taɓa mota ba. Waɗannan ba tuƙi suke sayarwa ba. Har ila yau, taushin hali kaɗai ba ya isa. Akwai malami mai daɗin baki da zai bar ɗalibi yana zagaya fili har kuɗinsa su ƙare, bai taɓa fita da shi titi ba, kuma awa guda ba ta tona irin wannan.

Saboda haka kafin ta biya sauran kuɗin sai da ta sa aka rubuta sunan dattijon da lambar motar a jikin rasiɗi. Ta kuma tambaye shi a darasi na nawa za su hau titi, yaushe za a yi ribas, yaushe za a yi tashi a kan hawa. Ya lissafa mata ba tare da ya duba takarda ba, ya ƙara da cewa ba zai sa hannu a shaidarta ba sai ta yi tuƙi cikin cunkoso, ko da za ta ji haushinsa.

A mako na huɗu ya cika alkawari. Da la'asar sakaliya ya hau da ita gadar Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021, cunkoso ya tsayar da su a tsakiyar hawa, wata danfo ta manne musu a baya. Ta ja birkin hannu, ta nemo wurin nan da ƙarar inji take sauyawa, ta saki. Motar ta ɗan yi baya kamar taƙi guda, sa'an nan ta yi gaba. Dattijo bai ce uffan ba sai da suka sauka, ya ce gobe ta zo da motar gida, ta zo kuma da Alhaji.