Manomi Da Ɗansa Na Kwaleji

A Toranke, cikin ƙasar Ajingi, gabas da birnin Kano, akwai wani manomi dattijo, mai gonar gero da dawa da wake. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, amma boko sai da girma ya kama shi ya same ta, a ajin yaƙi da jahilci na Hukumar Ilmin Manya wadda aka kafa a Jihar Kano cikin 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Bai yi nisa ba. Ya dai iya karanta wasiƙa da Hausa, ya iya rubuta sunansa, ya san lissafin buhunansa, ba mai cutarsa a kasuwa.

Yana da ɗa na fari wanda ya ci sunan mahaifinsa. Saboda haka kunya ta zama biyu, ga ta ɗan fari, ga ta sunan uba. Tun ran suna bai taɓa kama sunan yaron da bakinsa ba. In zai kira shi sai ya ce, "Kai!" In kuwa zai yi maganarsa ga wani sai ya ce, "Yaron nan."

Da yaron ya gama sakandare, ya ci jarrabawa, sai ya sami shiga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, arewa da Kano, kan hanyar Kazaure da Daura. An buɗe kwalejin nan cikin 2002, aka sa mata sunan Gwamnan Jihar Kano na farko, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, mutumin da har yau a ke tunawa da shi saboda madatsun ruwa irin na Tiga. Karatun difloma ta farko shekara biyu ne. Uban ya sayar da rago ya biya kuɗin makaranta, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ƙanensa kuwa kullum sai ya ce masa, "Yaya, in likita za a koya masa ko alƙalanci, to, da sauƙi. Amma noma? Wane ne a Dambatta zai koya wa jikan Toranke riƙon fartanya?" Shi dai ba ya tankawa, amma maganar tana shigarsa.

Ana nan har bazarar 2022 ta kama, saura 'yan makonni yaron ya yi jarrabawar fita. Kowa ya san halin bazara a ƙasar Kano. Rana ta kan take tun hantsi, rijiyoyi su ja baya, dare ya yi mutum ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa. A shekaran nan kuma azumi ya faɗo a farkon Afrilu, tsakiyar zafin. Ga manomi kuwa, lokacin ne na sharar gona da kai taki, don ruwan shuka ba ya aiko da manzo. To, a daidai wannan lokaci ciwon baya ya kwantar da dattijon. Taki na jibge a bayan gida ba mai kaiwa, ƙannen yaron duk ƙanana ne, kuɗin ƙwadago babu. Masu magana sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Ran nan da dare ya ce wa matarsa, "Gobe in Allah ya kai mu zan tafi Dambatta in taho da yaron nan. Abin da ya koya ya isa."

Ta yi shiru, zama ita ma kunyar ɗan fari ba ta barinta ta yi masa roƙo a fili. Can ta ce, "Malam, kai ke da iko. Amma shekara biyu ke nan ba wanda ya taka ya ga inda ya ke kwana. In ka je, ka duba tukuna." Ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli da yaji da garin kunu a ƙyalle, ba ta ce ga wanda za a ba ba.

Bayan sahur ya kama hanya. Ya bi ta Gaya, garin da a ke cewa daga nan maƙeran farko suka tashi suka tafi Dala neman tama, ya haye gadar Wudil, ya ratsa Kano, ya sāke mota. Kafin azahar ya sauka Dambatta.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne shirun wurin. Ya zaci zai tarar da samari suna ta shewa da ƙwallo. Sai ya ga ko wace inuwar darbejiya da mutum uku ko huɗu a ƙarƙashinta, ko wanne da littafi, wani na tambaya, wani na amsawa, leɓuna sun bushe da azumi. Ya tsaya ya tambayi wani yaro. Nan fa magana ta tsaya masa, don ba shi da ikon faɗin sunan wanda ya zo nema. Sai ya ce, "Wani yaro na ke nema, mutumin Toranke, dogo." Yaron ya yi murmushi, ya ce, "Baba, ai na san shi. Yana gonar gwaji." Amfanin ƙaramar kwaleji ke nan, kowa ya san kowa, malami ya san almajirinsa da suna da hali da garinsu.

Ya tarar da ɗansa tsugune a ƙarƙashin wata rumfa, ya rame, ya yi baƙi. Yaron ya zabura ya durƙusa ya ce, "Baba, lafiya? Ko wani abu ya faru a gida?"

Ya ce, "Lafiya lau. Mene ne wannan ka ke yi?"

A gabansa akwai tsumman buhu biyu jiƙaƙƙu, an shimfiɗa. Yaron ya ce, "Waken gidanmu ne, Baba, wanda na ɗebo bayan kaka. Na raba shi biyu. Rabi na zuba a buhu irin wanda mu ke zubawa, rabi kuwa a buhu mai riɓi uku. Kwana biyar da suka wuce na ƙirga ƙwaya 100 daga ko wanne, na jera a jiƙaƙƙen tsumma, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Shi ne aikin da zan rubuta in ba malamai kafin in fita."

Ya buɗe na farko. Ko rabi ba su tsira ba, sauran duk ƙwari sun huda su, sun ruɓe. Ya buɗe na biyu, sai ga tsiro fari fat, kusan duka sun fito. Ya bayyana masa yadda buhun ya ke: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, ko wanne a ɗaure bakinsa dabam. In iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki sai su mutu, ba tare da an zuba magani ko kaɗan ba. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka tsara shi tare da abokan aikinsu na Afirka, aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007.

Dattijon ya daɗe yana duban tsumman nan biyu. Ya tuna waken bara, yadda ya fito giɓi-giɓi, ya ɗora laifin a kan ruwa da tsuntsaye, har ya yi wa yara faɗa wai ba su binne da kyau ba. Ashe ɓarnar tun daga ɗaka ta ke. Shekara arba'in yana noma, bai taɓa ƙirga irinsa kafin ya zuba a rami ba.

Suna nan sai ga malamin yaron ya zo. Ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, kai ne mahaifinsa? Madalla. Iyaye kaɗan ne su ke zuwa mana, galibi sai ran biki." Ya zaga da shi, ya nuna masa wurin kiwon kaji da na tumaki, da ɗakin da a ke auna ƙasa a gane abin da ta rasa. Ya ce takin zamani farin nan da a ke kira yuriya, in aka watsa shi a bisa ƙasa rana ta buge shi, ƙarfinsa da yawa iska ke tafiya da shi, gara a tona a gefen shuka a rufe. Dattijon ya ce, "Malam, amma takin gida ya fi daɗewa a gona." Malamin ya ce, "Gaskiyarka, Baba. Haka mu ke koya musu, a haɗa biyun. Abin da kuka sani da hannu shi mu ke ba su dalilinsa."

Da magariba ta yi ya sha ruwa tare da su. Samari takwas suka kewaye kwano guda, kunun tsamiya da ƙosai da mangwaro, zama bazara ce lokacinsa. Wannan daga Rano, wancan daga Bichi, wani daga Gumel. Aka kwance ƙuli-ƙulin Toranke, kafin a jima ya ƙare. Bayan asham suka fito da tabarmi waje saboda zafi, ko wanne ya kunna 'yar fitilarsa ya koma kan littafi. Dattijon ya kwanta yana jinsu har barci ya ɗauke shi.

Kada wani ya raina kwaleji don ƙanƙantarta. Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe cikin 1922 ginin ƙasa ce, almajiranta kuwa kaɗan ne. Amma daga cikinta Ahmadu Bello ya fito a 1931, Abubakar Imam a 1932, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1933. Ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, a ke kiranta Barewa. A wancan zamani yaro ya kan yi kwanaki a hanya, a ƙasa ko bisa doki, kafin ya isa makaranta, uba kuwa ba shi da halin zuwa dubiya. Yau tafiyar wuni guda ce, uzurin ya ragu.

Gari ya waye, yaron ya rako shi bakin hanya. Ya ce, "Baba, ba ka faɗi abin da ya kawo ka ba." Uban ya dubi gabas, ya ce, "Hanya ce ta biyo da ni. Ka tsaya ka gama abin da ka ke yi." Da ya koma gida ya sayar da tunkiya, ya sa aka kai taki. Matarsa ba ta tambaye shi kome ba, ganinsa shi kaɗai ya ishe ta amsa.

Yaron ya yi jarrabawa ya ci. Bikin yaye ɗalibai kuwa ba lalle ne ya biyo bayan jarrabawa nan da nan ba. Kwalejoji da yawa su kan jira su haɗa na shekaru biyu ko fiye su yi gaba ɗaya, saboda haka kada iyaye su damu in sun ga an jinkirta. Da ranar ta zo, dattijon ya sa farar rigarsa ta Salla, ya tafi tare da ƙanwarsa, gwaggon yaron, da ƙanen nan nasa mai maganar fartanya.

An kafa rumfuna, an jera kujeru. Malamai suka shigo a jere, manya a baya, sa'an nan ɗalibai cikin dogayen riguna masu faɗin hannu da huluna masu kusurwa huɗu da tuntu. Aka buɗe da addu'a, shugaban kwaleji ya yi jawabi, aka ba waɗanda suka yi fice kyauta. Da aka zo kan ajinsu suka miƙe tsaye, gwaggo ta rangaɗa guɗa, ƙanen ya tashi yana ɗaga hannu yana cewa, "Namu ne! Namu ne!" Uban kuwa yana can kujerar baya, ya sunkuyar da kai yana jan carbi, sai ka ce ba da shi a ke yi ba.

Da taro ya watse yaron ya zo ya durƙusa, ya miƙa masa takardar shaida da hannu biyu. Da Turanci aka rubuta ta, bai gane kome a ciki ba sai layi ɗaya. Ya sa yatsa a kan layin, ya bi shi baƙi bayan baƙi, yadda aka koya masa a ajin dare, leɓunansa na motsi ba sauti. Sunan mahaifinsa ne, ga nasa sunan a bayansa. Ya naɗe takardar a hankali, ya mayar masa, ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka adana ta, kada gara ta ci." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ya kamata iyaye su san takardar nan ba alkawarin aikin gwamnati ba ce. Mai difloma ta farko, in yana son ci gaba, sai ya yi shekara guda yana aikin koyo, sa'an nan ya koma ya yi shekara biyu ya sami babbar difloma, kāna ya tafi hidimar ƙasa. Wani kuwa gida zai komo. Yaron nan gida ya komo tukuna. Da bazara ta zagayo, sai ga maƙwabta suna sallama a zauren, ko wanne da ɗan irinsa a ƙulle a bakin riga, suna so a ƙirga musu. Uban na gefe a kan buzu, in an tambaye shi sai ya ce, "Ku tambayi yaron nan."

To, iyaye masu 'ya'ya a kwaleji, maza ko mata, kunya ado ce, ba wanda ya ce a yar da ita. Amma ba ta hana mutum ya shiga mota ya je ya ga inda ɗansa ya ke kwana, da abin da ya ke ci, da wanda ke koya masa. Kada a jira sai ran biki, don ran nan kowa mai ɗa ne. A je tun cikin zafin bazara, lokacin da guzuri ya ƙare, jarrabawa ta matso, aikin gona kuma yana kira, zama a nan ne yara da yawa su ke yankewa saura ƙiris. Gani ya kori ji. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa abin da suka koya ya amfani garuruwansu, amin.