Mai Tsaron Ƙofa: Yadda Saƙo Ke Gane Hanyarsa Daga Kwanar Gafan

Manomin rani a Garun Mallam ya san cewa ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ba ya isa gonarsa bisa ganin dama. Babbar magudana ce ke miƙa shi ga ƙanana, kuma kowace mararraba tana da ƙofa da mai tsaronta. Idan aka buɗe ƙofar da ba ta dace ba, kadadar wani ta cika ta batse, tumatirin wani kuwa ya yanƙwane.

Hoton kwandunan tumatir da dillali a kasuwar Kwanar Gafan ke tura wa abokin cinikinsa na Mile 12 a Legas yana bin tsari makamancin wannan. Kowace na'ura da ke kan intanet tana buƙatar lambar adireshi, kuma hukumar AFRINIC, mai hedikwata a tsibirin Morishus, ita ce ke raba wa kamfanonin Afirka waɗannan lambobi tun 2005. Kowane babban kamfani yana da tasa lambar shaidar daban: ta Google 15169, ta MainOne na Legas 37282.

Sai dai adireshi kaɗai ba ya kai saƙo. Kamfanoni suna yi wa juna shela ne ta wata ƙa'ida mai suna BGP: ga adireshin da ke hannuna, ga kuma waɗanda ake iya samu idan aka bi ta kaina. Maƙwabci ya ji, ya yarda, ya sanar da na gaba. Abin mamaki, an gina ƙa'idar ne a kan amana. Ba ta tambayar mai shela hujja.

Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, duniya ta ga farashin wannan amana. MainOne yana musayar saƙonni da Google a cibiyar IXPN da ke Legas, mahaɗar da aka kafa don saƙon Najeriya ya daina zagayawa ta Turai. Hanyoyin Google da ya koya a can na amfanin abokan cinikinsa ne kawai, amma sai ya shelanta su ga China Telecom. Shi kuma bai tace ba, ya miƙa wa TransTelecom na Rasha. Nan take saƙonnin mutanen da ba su taɓa jin sunan MainOne ba, har a Amurka, suka nufi ƙasar Sin, suka maƙale. An ɗauki minti 74 kafin a rufe ƙofar. Kamfanin ya ce kuskuren saiti ne yayin aikin inganta na'urori, ko da yake laifin manyan da suka karɓi shelar ba tare da dubawa ba bai gaza nasa ba.

Ga mutanen Kura da Bunkure, matsalar da ta fi kusa ita ce nisa. Wayoyin ƙarƙashin teku irin su SAT-3 da Glo-1 a Legas suka sauka. IXPN tana da reshe a Kano, amma reshen yana amfani ne kawai ga kamfanonin da suka jona kansu a ciki. Idan kamfanin dillali da na direban motarsa ba sa haɗuwa a arewa, saƙon da ke tsakanin Kadawa da Kura, tafiyar 'yan mintoci a babur, sai ya gangara kudu kusan kilomita 1,000 sannan ya dawo.