Takardar da Ban Karanta Ba: Abin da Sansanin Agadas Ya Tuna Mini

Daren Asabar 16 ga Maris, 2024, muna cikin makon farko na azumi, na dawo daga tarawihi na tarar da wayata cike da saƙonni. Duk abu guda ake turo mini: hoton bidiyon Kanal Amadou Abdramane, kakakin gwamnatin sojan Nijar, yana karanta sanarwa a gidan talabijin na ƙasar cewa an soke yarjejeniyar soja da Amurka, kuma sokewar ta fara aiki nan take. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, na ji daɗi. Irin daɗin da mutum yake ji ne idan ya ga ƙaramin yaron unguwa ya tsaya wa ƙaton da ya saba cin zalinsa. Na kwana da wannan farin ciki, na kuma shiga aji da shi ranar Litinin.

A ajin ne wata ɗaliba, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu bayan na gama zuba bayani kan 'yancin kai da mutuncin ƙasa. Ta ce, "Malam, ita wannan yarjejeniyar da aka soke, ka karanta ta? Me ta ƙunsa?"

Ban karanta ba. Shekaru na yi ina koyar da tarihin hulɗar ƙasashe, ina da ra'ayi mai zafi kan sansanin Agadas, amma ban taɓa ɗora idona a kan takardar da ta haife shi ba. Na ce mata ta nemo mana. Bayan mako guda ta kawo ta, ta samo ta a rumbun yarjejeniyoyi na ma'aikatar harkokin wajen Amurka. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantarta. Na zaci zan ga kundi mai kauri da hatimai da sa hannun shugabanni. Ashe musayar wasiƙun diflomasiyya ce kawai: ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya aika da wasiƙa ranar 6 ga Yuli, 2012, gwamnatin Nijar ta amsa da amincewa a watan Janairun 2013. Abin da ke ciki kuwa shi ne abin da Amurka ta saba nema a ko'ina: sojojinta su shiga su fita da shaidar ƙasarsu, su riƙe makamai a bakin aiki, a ɗauke musu haraji, idan kuma ɗayansu ya yi laifi Amurka ce za ta hukunta shi.

A kan waɗannan 'yan shafuka aka ɗora duk abin da ya biyo baya. Aka gina Sansani na 201 a gefen Agadas da kuɗin da ya kai wajen dala miliyan 110, jirage marasa matuƙa suka fara tashi daga can a 2019, yawan sojojin Amurka a ƙasar ya kai kimanin dubu ɗaya. Ba kuma talakan Nijar kaɗai aka bari cikin duhu ba. Lokacin da aka kashe sojojin Amurka huɗu tare da abokan aikinsu 'yan Nijar a kwanton ɓaunar Tongo Tongo, a watan Oktoban 2017, wasu manyan sanatocin Amurka sun fito sun ce ba su san ƙasarsu na da sojoji masu yawa haka a Nijar ba. Wato gida biyu aka haɗa aure tsakaninsu, amma a kowane gida akwai dattawan da ba a kai wa goro ba.

Yadda tattaunawar ƙarshe ta watse ita ce ta fi jan hankalina, domin a nan ake ganin bambanci tsakanin ƙarfi da iya magana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Amurka ta yi ta jan ƙafa fiye da wata biyu kafin ta kira abin da sunansa, domin dokarta ta tilasta dakatar da taimako da zarar an ce juyin mulki ne. Tana kallo aka kori Faransa, sojan Faransa na ƙarshe ya bar ƙasar ranar 22 ga Disamba, ita kuwa tana fatan rigimar ba za ta iso kanta ba. A tsakiyar Maris ta aiko da tawaga mai nauyi: Molly Phee, jami'ar da ke kula da harkokin Afirka a ma'aikatar waje, da Janar Michael Langley, kwamandan rundunar Amurka mai kula da Afirka. Ba su samu ganin Janar Tiani ba. Kwana biyu da tafiyarsu aka karanta waccan sanarwa, aka zarge su da raini da kuma ƙoƙarin zaɓar wa Nijar abokai. Daga baya Firaminista Ali Lamine Zeine ya shaida wa jaridar Washington Post cewa an yi musu barazana da takunkumi idan suka sayar wa Iran ma'adinin yuraniyom, an kuma gargaɗe su kan kusantar Rasha. Ya ƙara da ƙorafin cewa sojojin Amurka suna zaune a ƙasar alhali 'yan ta'adda na kashe mutane. Jami'an Amurka kuma nasu bayanin shi ne cewa damuwa suka bayyana, suka kuma nemi a tsara komawa mulkin farar hula.

Ko da an ɗauki bayanin Amurka yadda yake, kuskuren lissafin a fili yake. Tawagar ta zo da muryar mai bayarwa, alhali a wannan zaman ita ce mai nema. Taimakon da za ta iya janyewa ta riga ta janye shi tun Oktoba. Abin da ya rage a kan tabarma shi ne filin jirgi a tsakiyar Sahara wanda ba za a iya naɗe shi a tafi da shi ba. Sojojin Yamai kuwa, waɗanda ba su da ƙuri'ar kowa, babu abin da ya fi musu amfani kamar a gan su suna ce wa babbar ƙasa a'a. Ranar 19 ga Mayu aka sanar da cewa za a kammala ficewa kafin 15 ga Satumba. Aka bar sansanin Yamai a Yuli, aka miƙa na Agadas ranar 5 ga Agusta. Abin lura, wannan kashi na tattaunawar, wanda hafsoshi suka yi da hafsoshi kan jirage da kaya da ranaku, ya tafi lami lafiya har aka gama cikin wa'adi.

Na sha jin abokan aiki suna cewa ƙaramar ƙasa ba ta da bakin ciniki da babba. Jibuti ta ƙaryata wannan. Mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, amma a 2014 ta sa Amurka ta ɗaga kuɗin hayar sansanin Lemonnier zuwa dala miliyan 63 a shekara, sannan a 2017 ta bari Sin ta buɗe nata sansanin a nan kusa. Ban ce talakan Jibuti ya ga amfanin kuɗin ba, wannan wata magana ce. Amma ko ba komai akwai farashi, an kuma san shi. Filifin ta bi wata hanyar daban. A watan Satumban 1991 majalisar dattawanta ta kaɗa ƙuri'a, 12 da 11, ta ƙi sabunta zaman sansanonin Amurka, duk da cewa shugabar ƙasa Corazon Aquino tana son a sabunta. Amurka ta kwashe kayanta daga Subic a 1992. Bayan shekaru, da barazanar Sin ta ƙaru a teku, aka sake ƙulla wasu yarjejeniyoyin, aka kai su majalisa da kotu, aka yi ta ce-ce-ku-ce a bainar jama'a. Ƙofar da aka rufe da ƙuri'a ba ta yi wuyar buɗewa da sabon sharaɗi ba.

Mu ma muna da namu tarihin, sai dai mun bar shi ya yi ƙura. A lokacin samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Birtaniya wadda ta ba jiragen yaƙinta damar ratsa samaniyar Nijeriya da yada zango. An kai ta majalisa, 'yan adawa ƙarƙashin Obafemi Awolowo suka yi mata ca, ɗaliban jami'ar Ibadan suka yi tattaki har zauren majalisa a Legas. A watan Janairun 1962 aka soke ta. Ɗaliban nan sun iya yin abin da suka yi ne domin akwai takarda a fili da za a nuna da yatsa. A 2007 kuma, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Nijeriya ta ƙi karɓar hedikwatar rundunar Amurka ta Afirka, wadda har yau take birnin Stuttgart na Jamus.

Shi ya sa a watan Mayun 2024, da wasu fitattun malamai da 'yan fafutuka na Arewa, ciki har da Farfesa Attahiru Jega, suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna gargaɗin kada a kwaso sansanonin da aka kora daga Sahel a kawo nan, ban ga laifinsu ba, ko da yake ministan yaɗa labarai ya fito ya ce babu wata magana makamanciyar wannan a gaban gwamnati. Na karɓi musun. Abin da ya rage mini a zuciya shi ne darasin waccan 'yar takarda: ba a fara sansani da kafa tuta. Ana farawa ne da izinin sauka da shan mai, da masu ba da horo, da wasiƙar da wani jami'i zai amsa cikin sakin layi biyu. Sashe na 12 na tsarin mulkinmu ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. To, idan aka kira abin "fahimtar juna" maimakon yarjejeniya fa? Wane kwamiti ne zai nemi a kawo masa? Ni ba na cikin masu cewa haramun ne a nemi taimakon baƙo. Wanda ya je ta'aziyya ƙauyukan Zamfara ko Katsina ba zai yi saurin faɗin haka ba. Abin da nake ƙi shi ne cinikin biri a sama.

A nan ne kuma farin cikina na daren azumi ya ragu. Babbar hujjar Kanal Abdramane ita ce an ƙulla yarjejeniyar 2012 ba tare da an tuntuɓi jama'a ta hannun wakilansu ba. Hujja ce mai ƙarfi. Amma ƙasa da wata guda bayan sanarwarsa, jirgi ya sauke masu horar da soja 'yan Rasha a Yamai, a ƙasar da aka rushe majalisarta, aka jingine tsarin mulkinta. Har an wayi gari Rashawa da Amurkawa suna zaune a sansani guda kusa da filin jirgin sama, kowa da ɓangarensa. Da wane sharaɗi Rashawan suka zo? Wa ke biyansu, da me? Idan ɗayansu ya harbe makiyayi, wace kotu ce za ta saurari ƙarar?

Na mayar wa ɗalibar nan da tambayarta. Na ce tunda ta iya nemo ta Amurka, ta nemo mana ta Rasha. Ta bincika da Turanci, ta sa wani abokin karatunta ɗan Maraɗi ya bincika da Faransanci. Zangon karatu ya ƙare, ta rubuta jarrabawa, ta kammala. Kwanakin baya ta aiko mini da saƙo daga garin da take bautar ƙasa, tana gaishe ni, ta ce har yanzu tana dubawa lokaci zuwa lokaci, ba ta samu ba.