Idan Mai Ya Zube: Yashinmu da Tsakin Jamusawa

A Jamus, idan mota ta tsiyayar da mai a kan titi, 'yan kwana-kwana ko ma'aikatan hanya ake kira. Babu gobara, babu wanda ya ji ciwo, amma za ka ga an tare gefen hanya, an kafa alamar gargaɗi, wasu ƙarti suna bin sawun man da buhuna, suna barbaɗa wani abu ja-ja mai kama da tsakin masara. Su murza shi da tsintsiya mai sanda, su share, su sake barbaɗawa. Daga baya takardar kuɗin aikin ta bi mai motar ko kamfanin inshorarsa.

A ma'aikatar sarrafa ƙarfe da nake aiki a yankin Ruhr, wannan tsakin yana ajiye a kowane lungu, cikin akwati mai murfi, da shebur a gefe. Ba kowane iri ake saye ba. Jikin buhun akwai lamba. Na ɗaya da na biyu ba sa shan ruwa, suna yawo a samansa suna tsince mai, don haka su ake kaiwa rafi ko kududdufi. Na uku na daɓen masana'anta ne. Idan aka ƙara harafin R, an gwada an ga bayan an share shi titi ba ya santsi, taya za ta kama. Akwai ɗakin gwaje-gwaje na gwamnati a Dortmund da ke irin wannan tantancewa. Kafin mai kula da sito ya miƙa maka buhu, tambayarsa ɗaya ce: me ya zube?

A gida kuwa wa ke tambaya? Ka shiga kowane gareji a Ƙofar Ruwa ko Fanteka, baƙin mai ya malale, oga zai ɗaga murya: "Kai yaro, ɗebo ƙasa!" In akwai masu yankan katako kusa, a ɗebo garin katako. Gidajen mai kuma suna da jajayen bokitansu na yashi, waɗanda rabinsu sun koma wurin tofar da yawu da jefa ledar fiya wata. Man inji, fetur, gas, ruwan batir, duk maganinsu ɗaya.

Ba na raina yashi. Ba ya cin wuta, ba a saye, kuma wajen datse mai kada ya gangara kwata, har nan ma ana amfani da shi. Aibinsa shi ne ba ya sha. Ƙwayar yashi dutse ce a toshe, man yana lulluɓe bayanta ne kawai. Ka taka, ya fito. Ruwa ya sauka, ya wanke shi ya tafi da shi. Yashi yana ɓoye ɓarna daga ido, ba ya ɗauke ta.

Tsakin nan kuwa kowace ƙwaya cike take da ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Mai yawa daga cikinsa daga tsibiran Mors da Fur na Denmark ake haƙo shi: ƙasa ce da ta taru daga ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun ruwa tun miliyoyin shekaru, gauraye da yumɓu. Ana gasa ta a wuta mai zafi don kada ta zama taɓo idan ta jiƙe, kuma takan sha mai wajen nauyin kanta. Wani irin daga kusa da Madrid yake zuwa. Wani kuma, abin mamaki, daga Senegal, yankin Thiès, inda ake haƙar wani yumɓu ana lodinsa zuwa Turai, akasari don shimfiɗa wa kyanwa wurin bahaya.

Garin katako ya fi yashi sha nesa ba kusa ba, kuma a nan haɗarinsa yake. Idan ya ƙoshi da mai ya zama makamashi, tartsatsin walda ɗaya ya ishe shi. Garejojin Amurka ma da shi suke amfani a da, har a 1941 wani mai suna Nick Jaffee ya fara tallar gasasshen yumɓu a Chicago a madadinsa, sana'ar da ta zama kamfanin Oil-Dri. Kuma kada a ɗauka kuskuren zaɓi na marasa ilimi ne kaɗai. A watan Fabrairun 2014, a rumbun ƙarƙashin ƙasa da Amurka ke adana sharar nukiliya kusa da Carlsbad a jihar New Mexico, wata ganga ta fashe. Da aka bincika, sai aka gano an tsane ruwan sharar da wani tsaki da aka yi da alkama maimakon na yumɓu, shi kuma ya haɗu da gishirin naitret da ke ciki, zafi ya taru. Kusan shekara uku wurin yana rufe.

Shi ya sa a nan Jamus ake raba tsakin shan mai da na sinadari. Asid mai ƙarfi ba ya shiri da katako, ko auduga, ko duk abin da ya fito daga tsiro. Ruwan batir sai an fara kashe kaifinsa da soda kafin a kwashe, aikin da garin kanwa zai yi wa mai cajin batir a Kano da kuɗi kaɗan. Akwai ma wani asid da ake sassaƙa gilashi da shi wanda ke cin yashi kansa ya saki iska mai guba. Fetur kuma, duk abin da ya shanye shi, tururinsa na nan yana tashi, saboda haka ba a barin sharar a buɗe.

Jamusawa ma suna da nasu aibin. Takardu sun yi musu yawa, wani lokaci cike fam ya fi sharar daɗewa. Tsakin yana da nauyi, yana tayar da ƙura, kuma tunda da kilo ake biyan masu kwashe shara, kana biyan kuɗin ƙasar da ka saya sau biyu. Wannan ya sa ma'aikatu da dama suka koma amfani da wasu shimfiɗu marasa nauyi idan ɗigo kaɗan ne. Na kuma ga leburan da ke juye rabin buhu a kan man da bai cika kofi ba, don ba aljihunsa ba ne.

Sai dai babban bambancin yana bayan shara. A nan abin da aka kwashe yana shiga ganga mai murfi, da lambarsa a dokar sharar Turai, 15 02 02, kamfani mai lasisi ya zo ya ɗauka, yawanci a ƙone a tanderu na musamman. A gida yashin yana kwana inda aka watsa shi, ko a tura shi kwata, damina ta kai shi kogin Jakara ko Challawa, inda masu lambu ke ban ruwan latas da kabeji. Hukumar kare muhalli ta NESREA tana nan tun 2007, amma garejin unguwa ba hukuma yake jira ba, ganga yake buƙata.

Kayan ma ba rasa su muka yi ba. Irin ƙasar nan da ake haƙowa a Denmark akwai ta a Bularafa ta jihar Yobe, kuma ƙurar hunturun da ke taso mana daga kwarin Bodele na Chadi mafi yawanta ita ce. Ɓuntun shinkafa yana jibge a bayan injinan casa na Kura da Kebbi, zai sha man inji muddin an kwashe shi nan take an nisanta shi da wuta.

Shugabannin ƙungiyoyin makanikai da masu gidajen mai, kirana gare ku ne. Kafin a kai ga sayen buhu daga waje, kowane gareji ya ajiye ganga ɗaya mai murfi da shebur, a koya wa yara tambayar abin da ya zube kafin su ɗebo komai, kuma duk wanda ya watsa yashi shi zai kwashe kafin a tashi aiki.