Ƙauyen Ockham Da Rigimar Gidaje 1,730

Duk wanda ya bar birnin Landan ya nufi kudu maso yamma ta babbar hanyar A3, kafin ya ci mil 20 zai ga gine-gine sun yanke, sai gonaki da kurmi da makiyaya. Wannan fili shi ne mutanen Ingila ke kira Green Belt, watau koriyar ɗamara. Tun 1938 aka kafa masa doka don a hana birnin cinye ƙauyukan da ke kewaye da shi, a 1955 kuma aka shawarci sauran garuruwa su yi koyi.

A cikin wannan ɗamara, a lardin Surrey, ƙauyen Ockham yake. Mutanensa ba su kai 500 ba. Hanyoyinsa ƙanana ne, shingen itatuwa dama da hagu, wani wurin mota biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta raɓe. A gefensa akwai dajin Wisley, inda doka ta kare tsuntsayen da ke yin sheƙa a ƙasa. Kusa da nan ne tsohon filin jirgin sama na Wisley yake, wanda kamfanin Vickers ya riƙa gwada jiragensa a ciki har farkon shekarun 1970. Bayan rufe shi, manoma suka ci gaba da shuka a gefen titin jirgin.

Kan wannan fili ne rigima ta tashi. A 2018 gwamnati ta ƙi amincewa da gina gidaje fiye da 2,000 a wurin, saboda ɓarnar da za a yi wa ɗamarar da cunkoson da zai ƙaru a kan A3. A watan Afrilu na 2019 majalisar Guildford ta cire filin daga cikin ɗamarar. Mako guda bayan haka aka yi zaɓe, jam'iyyar Conservative mai riƙe da majalisar ta sha mummunan kaye. Duk da haka, a 2024 aka ba kamfanin Taylor Wimpey izinin gina gidaje 1,730.

Kukan mutanen yankin ya wuce na kyan gani. Ƙauyen ba shi da tashar jirgin ƙasa, don haka kusan kowane sabon gida da motarsa zai zo. Suna tambayar inda za a kai dattin ruwan dubban mutane, da likitan da zai duba su, da sakandaren da 'ya'yansu za su shiga. An yi musu alkawarin makarantar firamare da kantuna da motocin safa, amma tsoronsu shi ne a gama gidaje tukuna, sauran su biyo baya a makare.

Su ma masu neman muhalli suna da hujja. Surrey na cikin wuraren da gida ya fi tsada a Ingila, har samari da yawa ba sa iya zama inda aka haife su. Shi ya sa a 2024 sabuwar gwamnatin Labour ta yi alkawarin gidaje miliyan 1.5 cikin shekara biyar, ta kuma sassauta dokar gini a wasu sassan ɗamarar.

Hukuma dai ta yanke hukunci. Abin da ya rage ga mutanen Ockham shi ne su sa ido a shimfiɗa hanya da magudanar ruwa, a gina makaranta, kafin a miƙa wa mai gida na farko mabuɗinsa.