Ƙurar hunturu da laimar damina

Mai ɗaukar hoton biki a Barnawa abokan gaba biyu gare shi, kowa da lokacinsa. Da hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa tun daga Bodele ta ƙasar Chadi jira take ya cire gilashin kyamara zai sauya wani. Ƙwaya ɗaya ta sauka a kan sansa, shi ke nan, ɗigo ya fito a kowane hoto, wuri guda, har a goshin amarya.

Yakan matse ƙofar haske zuwa f/16, ya ɗauki farin bango, ɗigon ya tona kansa. Sai ya kifa kyamarar, ya fesa mata iska da 'yar robar hurawa. Ban da baki, don numfashi tururi ne.

Damina ta fi iya ɓarna, a ɓoye take yi. A watan Agusta, kogin Kaduna ya cika, laima ta kwana cikin jaka, fumfuna ta yi saƙar gizo-gizo a cikin gilashi. In ruwa ya dake shi a hanyar Sabon Tasha, batir yake fara zarewa, ba ya kunna kyamarar sai ta bushe sarai. 'Yan ƙullin silika masu shanye laima na cikin kwalin takalmi kuwa, ko ɗaya ba ya yarwa.